Tanƙwaruwar Ƙwaƙwalwa da Na'urorin Karanta Furuci: Ina Matsayin Karin Sauti?

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1861 aka gabatar wa likitan nan na Faransa, Paul Broca, wani majinyaci a asibitin Bicêtre da ke gefen birnin Faris. Sunan mutumin Leborgne, amma ma'aikatan asibitin sun fi saninsa da "Tan", domin shekara 21 ke nan yana zaune a wurin, kusan ba ya iya furta komai sai wannan gaɓa ɗaya. Yana fahimtar abin da aka faɗa masa, yana kuma sassauya murya yana nuni da hannu, amma kalma ta ƙi fita. Kwanaki kaɗan bayan haɗuwarsu sai ya rasu. Da Broca ya binciki ƙwaƙwalwarsa, sai ya tarar da lahani a sashen gaba na ɓarin hagu. A 1874 kuma Carl Wernicke na Jamus ya bayyana wani wurin a bayan wancan, wanda idan ya lalace mutum zai yi ta zuba magana ba gargada, amma ba ma'ana a ciki, ba ya kuma gane ta wasu.

Tun daga lokacin tambayoyi biyu suka tsaya wa likitoci da masana harshe a rai. Shin idan wurin ya lalace, maganar ta tafi ke nan har abada? Idan kuma maganar tana nan a ciki, hanyar fita ce kawai ta toshe, ko akwai dabarar da za a ɗauko ta daga inda take? Wannan maƙala za ta bi amsoshin da aka samu, sannan ta nuna cewa na'urorin da suka fara mayar wa mutane magana sun dogara ƙwarai a kan bayanin da masana harshe suka yi wa harshen majinyacin. A nan ne Hausa da sauran harsunan Nijeriya masu karin sauti suke da abin dubawa.

2.0 Kalmomin da Za a Yi Aiki da Su

Za a kira iyawar ƙwaƙwalwa ta sake tsara kanta da "tanƙwaruwar ƙwaƙwalwa". An zaɓi kalmar ne saboda karin maganar nan ta icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wadda, kamar yadda za a gani, ta faɗi gaskiya amma ba ta faɗe ta duka ba. Na'urar da ke ɗaukar saƙo daga ƙwaƙwalwa kai tsaye ta miƙa wa kwamfuta kuwa, za a kira ta "gadar ƙwaƙwalwa".

Akwai kuma larurori biyu da tilas a rarrabe su. Ta farko ita ce wadda likitoci ke kira afeshiya, inda harshen kansa ya taɓu, wato zaɓen kalma da ginin jumla da fahimta. Za a kira ta "ruɗewar harshe". Ta biyu ita ce inda mutum ya san abin da zai faɗa, ya tsara jumlarsa daidai, amma saƙon ba ya isa ga leɓe da harshe da maƙogwaro. Wannan ita ce "ɗaurewar furuci". A idon 'yan'uwa masu jinya duka biyun abu ɗaya ne, bakin wane ya mutu. Amma a wurin magani tazarar da ke tsakaninsu babba ce.

3.0 Yadda Ƙwaƙwalwa Ke Tanƙwaruwa

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kowacce tana haɗe da dubban wasu. A farkon ƙarni na 20 ra'ayin da ya yi rinjaye shi ne na Santiago Ramón y Cajal, ɗan ƙasar Sifen, cewa hanyoyin jijiya na baligi a kafe suke, abin da ya mutu ba ya dawowa. Rabin farko na maganar ne bincike ya rushe. A 1949 Donald Hebb ya kawo hasashen cewa idan ƙwayar jijiya ta saba tayar da wata, mahaɗar da ke tsakaninsu ƙara ƙarfi take yi. A 1984 Michael Merzenich da abokan aikinsa suka nuna abin a zahiri a jikin manyan birai: da aka cire yatsa ɗaya, cikin 'yan watanni sai yatsun da ke maƙwabtaka da shi suka mamaye gurbinsa a ɓawon ƙwaƙwalwa. Wato ƙwaƙwalwa ba ta barin fili ya zauna saura. Wanda ke aiki shi ke cin gonar wanda ya daina.

Wannan alheri ne, kuma haɗari ne. Edward Taub ya lura cewa wanda ɓarin jikinsa ya shanye yakan gwada hannun da ya taɓu a makonnin farko, ya kasa, sai ya koma ga mai lafiyar. Ko da jijiyoyin sun ɗan farfaɗo daga baya, ya riga ya koyi rashin amfani da hannun, gurbinsa a ƙwaƙwalwa kuma yana ta ƙanƙancewa. Maganin da ya fito da shi mai tsanani ne: a ɗaure hannu mai lafiya cikin safa mafi yawan wuni, a tilasta wa mara lafiyar aiki har awa 6 a kullum na tsawon mako 2. Wani babban gwaji da aka buga a Amurka a 2006, mai majinyata 222 waɗanda suka yi wata 3 zuwa 9 da kamuwa, ya tabbatar da cewa hannun yana samun ci gaba, ci gaban kuma yana ɗorewa.

3.1 Tanƙwaruwa a Fagen Harshe

Kimanin ɗaya cikin uku na waɗanda suka gamu da shanyewar ɓarin jiki suna samun ruɗewar harshe. Matsalar ba baƙuwa ba ce a nan gida. Binciken SIREN da aka gudanar a asibitocin Nijeriya da Gana, aka buga a 2018, ya danganta kusan kashi 90 cikin ɗari na haɗarin kamuwa da cutar ga hawan jini, wanda kowa ya san yadda ya yi katutu a gidajenmu.

Ga yara ƙanana karin maganar icce ta yi daidai. Jaririn da ya rasa babban sashe na ɓarin hagu wajen haihuwa yakan tashi yana magana kusan kamar kowa, domin ɓarin dama ya karɓi aikin. Irin wannan shaida ce Eric Lenneberg ya kafa hujja da ita a 1967, a hasashensa na cewa koyon harshe yana da ƙayyadadden lokaci. Baligi ba ya samun wannan sauƙi, amma ba busasshen icce ba ne. A 2006 Dorothee Saur da abokan aikinta a Jamus suka bi majinyata 14 da hoton ƙwaƙwalwa, suka ga matakai uku. A kwanakin farko ɓarin hagu yakan yi tsit. Bayan kamar mako 2 sai takwaran yankin Broca da ke ɓarin dama ya tashi haiƙan, a daidai lokacin da magana ke fara dawowa. Bayan watanni kuma sai nauyin aikin ya koma kan abin da ya saura a hagu. Ke nan ɓarin dama ɗan riƙon ƙwarya ne.

A 2001 Friedemann Pulvermüller ya ɗauko dabarar Taub ya kawo ta fagen magana. Abin da ake ɗaurewa a nan shi ne nuni da hannu da zane da gyaɗa kai, a bar majinyaci da baki kawai, awa 3 a kullum har kwana 10. Darasin da ke ciki ya shafi al'adarmu ta jinya kai tsaye. Idan dattijo ya buɗe baki yana laluben kalma, tausayi da kunya sukan sa 'ya'yansa su yi maza su ƙarasa masa, ko su ce "Baba, huta, mun gane". A nawa ganin wannan tausayi shi ke koya masa shiru.

4.0 Gadar Ƙwaƙwalwa

Ƙwayoyin jijiya da lantarki suke aika saƙo, kuma tun 1924 Hans Berger ya ɗauki wannan lantarki daga kan ɗan Adam. Jacques Vidal ne ya raɗa wa fannin suna a 1973. Ana iya ɗaukar saƙon daga fatar kai ba tare da tiyata ba, amma tamkar sauraron hira ne daga bayan katanga. Ana iya buɗe ƙoƙon kai a shimfiɗa faifan lantarki a kan ɓawon ƙwaƙwalwa, ko kuma a soka 'yan tsinke masu siririn gashi, kusan 100 a kan faranti mai faɗin milimita 4, waɗanda ke jin ƙwayoyin jijiya ɗaya-ɗaya.

Amfanin gadar iri biyu ne. Na farko shi ne taimakon tanƙwaruwa. A 2013 masu bincike a Tübingen ta Jamus suka sa wa majinyata 32 da hannunsu ya daɗe da shanyewa wata na'ura mai buɗe yatsu. Ga rabinsu na'urar ba ta motsawa sai ƙwaƙwalwa ta nuna alamar niyyar motsi, ga sauran kuma motsin bai da alaƙa da niyyar. Rukunin farko ne ya fi samun ci gaba. Dalilin shi ne hasashen Hebb: niyya da motsi sun faru tare, sai mahaɗar ta yi ƙarfi. Haka nan a 2023, a birnin Lausanne na Siwizalan, Grégoire Courtine da Jocelyne Bloch suka haɗa ƙwaƙwalwar wani da lakarsa ta taɓu da sashen lakar da ke ƙasan raunin. Ya tsaya, ya taka, ya hau matakala. Abin da ya fi jan hankali shi ne bayan watanni na horo yana iya takawa da sanduna ko da an kashe na'urar.

Amfani na biyu shi ne kewaye hanyar da ta toshe gaba ɗaya, kuma a nan ne batun magana ya shigo.

4.1 Daga Harafi Zuwa Jumla

Na'urorin farko harafi-harafi suke tsinta. Wadda Niels Birbaumer ya bayyana a 1999 tana ba da kimanin harafi 2 a minti. Sauyin ya zo ne da aka koma karanta furuci. A 2013 ɗakin binciken Edward Chang a Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco ya nuna cewa a sashen ɓawon ƙwaƙwalwa mai sarrafa motsi, leɓe da muƙamuƙi da harshe da maƙogwaro kowanne yana da yankinsa, kuma sautuka suna taruwa rukuni-rukuni gwargwadon wurin furucinsu. Mai karatun da ya taɓa koyar da tsarin sauti zai ga cewa jadawalin da yake zana wa ɗalibai a allo, na leɓawa da 'yan hanƙa da 'yan hanɗa, ashe yana da inuwa a cikin kai.

A 2021 wannan ɗakin bincike ya ba da labarin wani matashi da shanyewa ta taɓa tushen ƙwaƙwalwarsa tun yana ɗan shekara 20. Da faifai mai idon lantarki 128 aka riƙa karanta jumlolinsa daga taskar kalma 50, kimanin kalma 15 a minti. A 2023 wasu ayyuka biyu suka fito tare. A Stanford, wata mai cutar ALS, cutar da ke kashe jijiyoyin motsi, ta kai kalma 62 a minti daga taskar kalma 125,000, da kuskuren kashi 23.8 cikin ɗari. A San Francisco kuma wata da ta shekara 18 ba ta yi magana ba ta kai kalma 78 a minti, aka kuma gina mata murya daga faifan jawabinta na ranar aurenta. A 2024 masu bincike a Davis suka sauko da kuskuren zuwa kashi 2.5 cikin ɗari. Hirar Ingilishi ta yau da kullum tana kai kalma 150 zuwa 160 a minti, saboda haka da sauran tafiya, amma ba a taɓa matsowa kusa haka ba.

Abubuwa biyu ya kamata a lura da su. Na ɗaya, na'urar ba tunani take karantawa ba, umurnin da ƙwaƙwalwa ke aika wa gaɓoɓin furuci take saurare yayin da mutum ya yi yunƙurin magana. Har ma a aikin Stanford an soka tsinke a wani sashe na yankin Broca, aka tarar kusan ba ya ba da labarin furuci, sai yankin motsi da ke bayansa. Duk waɗannan majinyata ɗaurewar furuci ce ke damunsu, harshensu lafiya lau yake. Mai ruɗewar harshe, wanda kalmar ta ɓace masa tun kafin ta kai ga leɓe, ba shi da saƙon da irin wannan na'ura za ta tara.

Na biyu, aikin hawa biyu ne. A hawa na farko kwamfuta tana hasashen ƙwayar sautin da ake nufi, daga cikin 39 na Ingilishin Amurka a aikin Stanford. Hasashen cike yake da kurakurai. A hawa na biyu sai a kawo ƙamus na furuci da kuma lissafin yadda kalmomi ke bin juna, wanda aka tatso daga ɗimbin rubuce-rubuce, a zaɓi jumlar da ta fi dacewa. A aikin 2021 kuskuren kimanin kashi 60 ne kafin hawa na biyu, bayansa ya koma 25.6. Fiye da rabin gyaran, ke nan, daga sanin harshen ya fito.

5.0 Idan Majinyacin Bahaushe Ne

A Ingilishi hawa da saukar murya ba ya mayar da kalma wata kalmar dabam, shi ya sa waɗannan na'urori suka yi nasara ba tare da kula da shi ba. A Hausa kuwa, kamar Yarabanci da Ibo da Tibi da Kanuri, karin sauti ɓangare ne na kalmar. A misalan da ke biye an ninka wasali don nuna tsayi, an sa alama a kan karin ƙasa da faɗau, an bar karin sama haka nan:

(1) kuukaa (na hawaye), kuukàa (itaciya)
(2) bàaba (uba). Baabà (uwa) da baabaa (na rini)
(3) gàrii (na zama). Gàarii (na tuwo)
(4) kai (wakilin suna). Kâi (na jiki)

Ita kanta kalmar da aka zaɓa a sashe na 2.0 ba ta tsira ba, domin gadàa ta ƙetare kogi da gàdaa ta daji rubutunsu ɗaya.

Mai ja da wannan batu zai ce ai daidaitaccen rubutun Hausa ba ya nuna karin sauti ko tsayin wasali, kuma muna karanta jarida ba tare da wahala ba, don haka hawa na biyu zai warware komai daga muhallin kalma. Maganar tana da ƙamshin gaskiya idan sunaye ake nufi. Da wuya jumla ta bar mutum cikin shakka tsakanin kukan jariri da miyar kuka. Amma a duba wannan:

(5) yaa tàfi (aiki ya auku)
(6) yà tàfi (umurni ko buƙata)
(7) yâa tàfi (zai yiwu nan gaba)
(8) ya tàfi (kamar a "shi ne ya tafi")

Duka huɗun "ya tafi" ake rubuta su. Leɓe da harshe da muƙamuƙi hanya ɗaya suke bi, bambancin yana ga tantanin maƙwallato da kuma tsawon lokaci. Marubuci yana da sakin layi guda da zai kore shubuha da shi. Majinyacin da ke kwance gajerun jumloli yake yi, sau da yawa amsa ce ga tambaya. Idan an tambaye shi game da ɗansa, na'urar ta rubuta "ya tafi", ba a san ko labari yake bayarwa ko izini ba. Idan kuma murya na'urar za ta fitar maimakon rubutu, ba ta da mafaka ko kaɗan, dole ta ɗora wani kari a kan kowace gaɓa.

Akwai dalilin kyautata zato. A 2018 ɗakin binciken Chang ya gano yankin da ke sarrafa hawa da saukar murya a sashen sama na wakilcin maƙogwaro. A 2023 masu bincike a Shanghai ta ƙasar Sin suka karanta gaɓoɓin "ma" da "mi" na Sinanci, kowacce da karinta huɗu, daga ƙwaƙwalwar majinyata 5 da ake yi wa tiyata suna farke, ta hanyar ware wa karin sauti nasa sashen lissafi dabam da na gaɓa. A 2025 kuma na'urar Davis ta ba mai ita damar ɗaga murya don tambaya, da jaddada kalmar da ya so. Saboda haka saƙon karin sauti yana nan, ana kuma iya kama shi.

Sai dai Hausa ba Sinanci ba ce. Karin Sinanci galibi siffa ce a cikin gaɓa ɗaya, hawa ko sauka ko lanƙwasa. Karin Hausa mataki ne da ake auna shi da na maƙwabci, ga kuma gangarowar murya: duk karin sama da ya biyo bayan na ƙasa ba ya kai tsayin na baya, har ta kai a doguwar jumla karin sama na ƙarshe yana iya zama ƙasa da karin ƙasa na farko. Na'urar da ke auna tsayin murya kawai za ta ɓata. Daɗin daɗawa, maƙwallaton da ke ɗauke da karin sauti shi ne kuma ke aikin tunkuɗau da haɗiyau da hamza, wato /ƙ/ da /ts/ da /ɓ/ da /ɗ/ da /'y/ da /'/. A kalma kamar ƙafa ko ɓata, umurni biyu ne ke zuwa wa gaɓar furuci ɗaya cikin ƙiftawar ido. Yadda ƙwaƙwalwa ke jera su tambaya ce da Ingilishi ba zai taɓa tayar da ita ba, kuma harsunanmu ne za su iya amsa ta.

Wani binciken na 2024 ya shafe mu ta fuskar jin harsuna da yawa. Matashin nan na aikin 2021 Sifaniyanci ne harshen uwarsa, Ingilishi da girma ya koya. An tarar yanki ɗaya ne ke ɗauke da furucin harsunan biyu, kuma horon da aka ba na'urar da harshe ɗaya ya rage wahalar horar da ita da ɗayan. Hawa na farko, ke nan, ana iya aronsa zuwa wani mizani. Hawa na biyu ne ba ya aruwa.

5.1 Abin da Bai Jira Tiyata Ba

Dasa tsinke a ƙwaƙwalwa har yanzu gwaji ne da ya taɓa mutane ƙalilan a duniya, kuma ba shi ne abin da iyalin mai shanyewar jiki a Gusau ko Lafiya za su nema gobe ba. Amma matsalar karin sauti ta riga ta iso ɗakin jinya ta wata ƙofar. Tun 1973 Albert da Sparks da Helm a birnin Boston suka fito da dabarar sa mai ruɗewar harshe ya rera jumla kafin ya faɗe ta, saboda an lura wanda ya kasa magana sau da yawa yana iya waƙa. A Ingilishi ana ɗora babbar murya a kan gaɓar da ake ƙarfafawa, ƙarama a kan sauran. Idan aka kwaso wannan ƙa'ida aka ɗora wa Hausa ba tare da bin karin kalmar ba, za a yi mako ana koya wa majinyaci kiran uwa alhali uba yake nufi. A wannan shekara ta 1973 ne kuma Van Lancker da Fromkin suka nuna cewa masu jin harshen Tailan sun fi sarrafa karin kalmominsu da ɓarin hagu. Ma'anar haka ita ce raunin da ke kawo ruɗewar harshe yana iya taɓa karin sauti shi ma, kuma gwajin da aka fassaro daga Ingilishi ba shi da tambaya ko ɗaya da za ta gano hakan.

Kayan aikin farko suna hannunmu. Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 da ƙaramin ƙamusun Newman da Newman na 1977 duk sun nuna kari da tsayi. Sai dai ƙamus kalma yake bayarwa ita kaɗai a tsaye, misalai na (5) zuwa (8) kuwa a cikin jumla suke rayuwa. Abin da likitan magana da injiniya za su nema a wurinmu shi ne dubban jumlolin yau da kullum, irin na ɗakin jinya da tsakar gida, an ɗauki muryarsu daga bakin maza da mata na Kano da Sakkwato da Zariya da Bauci, an kuma sa wa kowace gaɓa karinta da tsayin wasalinta, da ƙugiya a kan duk baƙin da ke da ita.